Zauren Gwarazan Resilin na Cikin Waya: Yawan Nasara Ba Ya Shigar da Kowa

Bayan sallar isha'i, idan tireloli sun gama lodin riɗi da wake a kasuwar Dawanau, 'yan dako sun kakkaɓe ƙurar jikinsu, akwai wani zama da ake yi a bencin mai cajin waya wanda babu ruwansa da farashin buhu. Samari ne, wasu yaran shago, wasu masu ɗinkin buhu, wasu kuma ɗalibai da suke zuwa daga Kwa da Tumfafi, duk sun sunkuya a kan waya guda ɗaya. A cikin wayar akwai duniyar resilin da suka gina da kansu: 'yan wasa kusan arba'in, kambu uku, gaba da ƙawance, da babban wasa duk daren Alhamis wanda ake tura sakamakonsa a guruf ɗin WhatsApp kafin kowa ya kwanta.

Shekara biyu ana tafiya lafiya, sai wani ya kawo shawarar a buɗe Zauren Gwaraza irin wanda kamfanin WWE yake yi duk shekara, a zaɓi mutum uku na farko. Tun daga ranar zaman ya koma na musu. Mai wayar yana ganin ɗan wasan da ya ƙirƙira da kamanninsa, har da irin hularsa, shi ya fi cancanta domin ya fi kowa yawan nasara. Wasu suna cewa a sa Undertaker tunda shi kowa ya sani. Wani ɓangaren ya dage sai an sa Shago. Mutum biyu sun fice daga guruf, ɗaya kuma ya ce a mayar masa da kuɗin datar da ya bayar.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan harka ba zai ce ai wasan yara ne, me ya yi zafi. To amma shekara biyu ta dare ba ƙaramin abu ba ce ga wanda ya wuni yana ɗaga buhu, kuma duniyar da ke cikin wayar nan ta kowa ce, duk da cewa wayar ta mutum ɗaya ce. Kowa ya zuba wani abu: wannan ya biya caji, wancan ya tsara labarin gabar da aka yi wata uku ana bi, wani ya kwana yana gyara kayan ɗan wasansa. Ranar da za a ce su wane ne gwarazan wannan duniya, ranar ce ake yanke hukunci a kan aikin wa aka gani, na wa kuma aka manta. Shi ya sa ya kamata a yi zaɓen da tsari, kuma abu na farko da za a jefar shi ne wanda kowa yake ɗauka ya fi adalci, wato ƙirga nasarori.

Ga dalili. Yawancin waɗannan duniyoyi a kan Wrestling Revolution 3D ake gina su, gem ɗin da wani Baturen Ingila mai suna Mat Dickie ya rubuta ya fitar a 2014, ko kuma ƙaninsa Wrestling Empire na 2021. Sun karɓu ne saboda ƙaramar waya tana iya ɗaukarsu, kuma ba sa bukatar intanet idan an riga an sauke. Wasu suna amfani da PPSSPP su buga tsofaffin wasannin SmackDown vs. Raw, masu hali kuma suna da PlayStation da tsarin Universe, wanda ya fara bayyana a wasan SmackDown vs. Raw 2011. A duk cikinsu abu ɗaya ne: kowane ɗan wasa lambobi ne. Ƙarfi lamba ce, gudu lamba ce, juriya lamba ce. Wanda yake da ikon shiga wurin gyara 'yan wasa zai iya ɗaga nasa har ƙololuwa cikin minti ɗaya, ya rage na abokin gabarsa, babu wanda zai lura sai an ga ana ta jibgar mutum. Ko bai taɓa lambobin ba, shi ne yake haɗa wa zai kara da wa, shi ne wayar take kwana a hannunsa, shi ne yake iya kashe gem ɗin ya sake kunnawa idan wasa ya juya masa baya.

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san cewa alƙaluman da suke fitowa ba su fi hannun da ya shigar da su gaskiya ba. Idan aka ce ɗan wasan mai waya ya ci wasa sittin ya faɗi uku, abin da lambar take faɗa shi ne mai waya yana son ɗan wasansa. Ba laifi ba ne, kowa ma haka zai yi. Laifin shi ne a ɗauki wannan lamba a kira ta shaida, alhali mai ƙara shi ne alƙali, shi ne kuma magatakarda.

Abin dariyar shi ne zauren da ake son kwaikwaya ma wannan cutar ce take damunsa. WWE ta fara nata a 1993, bayan rasuwar André the Giant, kuma shi kaɗai aka sa a shekarar. Aka yi bikin sau uku, daga 1994 zuwa 1996, sai aka ajiye shi har 2004. Har yau babu wani gini da mutum zai je ya gani, kuma babu wata ƙuri'a da ake kaɗawa a fili. Kamfani ne yake zaɓa. Shi ya sa Koko B. Ware ya shiga a 2009, shekara huɗu kafin Bruno Sammartino, mutumin da ya riƙe kambun kamfanin kwana 2,803 a jere daga 1963 zuwa 1971. Sammartino ya daɗe ba ya ga maciji da kamfanin, sai da aka shirya sannan ya shiga a 2013, a dare ɗaya da Donald Trump, wanda aka sa a sashen fitattun baƙi. Hulk Hogan ya shiga a 2005, aka cire sunansa a 2015 saboda kalaman wariyar launin fata, aka dawo da shi a 2018. Zaure ne na mai gida: wanda ya shirya da mai gida ya shiga, wanda ya ɓata ya jira. Kamfani yana iya yin haka domin tikiti yake sayarwa. Samari goma sha biyar da suke zama a benci ɗaya kullum ba za su iya ba, domin gobe ma sai sun haɗu.

Akwai wani zauren da bai kai na WWE suna ba amma ya fi shi tsari, wanda ɗan jarida Dave Meltzer ya kafa a 1996 a jaridarsa ta Wrestling Observer. A can sai mutum ya samu kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'un masu zaɓe, waɗanda suka haɗa da 'yan wasa na da da na yanzu, da 'yan jarida, da masana tarihin wasan. Wanda ya kasa samun kashi 10 sai a cire shi daga takarar. Wannan kashi 60 abin aro ne. Amma ma'aunin da ya fi dacewa da Dawanau ba sai an je Amurka an ɗauko shi ba, yana nan a gidan dambe.

Ɗan dambe ba ya tafiya da takardar da aka rubuta ya ci sau kaza ya faɗi sau kaza. Idan ana hirar wani gwani, tambayar da ake yi ita ce: wa ya kashe? Kisa ɗaya a kan babban mutum ya fi kisa talatin a kan yara masu tasowa, kuma 'yan kallo sun san bambancin ba tare da an koya musu ba. Shago, wanda har yau sunansa yake fitowa da zarar an ambaci dambe, ba da lissafi ya kai inda ya kai ba. Waƙar Muhammadu Bawa Ɗan Anace ce ta ɗauke shi daga fili ta kai shi kunnen waɗanda ba a haifa ba lokacin da yake sa zare, kuma ko a waƙar, girmansa yana jingine ne da girman waɗanda ya kara da su, irin su Ɗandunawa. A cire abokan gwabzawar, Shago ya zama ƙaton da yake dukan iska. Makaɗin ya fahimci abin da mai wayar benci bai fahimta ba: idan ka rage ƙarfin duk wanda zai kara da gwaninka, gwaninka ka rage.

Wannan ma'auni na "wa ya kashe" ana iya mayar da shi lissafi, kuma an daɗe da yin hakan. Tsarin Elo, wanda Arpad Elo ya tsara wa wasan dara na Turawa, hukumar wasan ta duniya kuma ta karɓe shi a 1970, aikinsa ke nan. Kowa yana farawa da maki ɗaya, a ce 1,500. Idan sa'o'in juna suka kara, wanda ya ci ya ƙaru da 16, wanda ya faɗi ya ragu da 16, idan an ɗauki 32 a matsayin iyakar abin da wasa ɗaya zai iya motsawa. Amma idan wanda ya fi abokinsa da maki 400 ya ci, abin da zai samu bai wuce 3 ba, domin abin da ake tsammani ne ya faru. Idan kuwa ƙaramin ne ya kayar da babban, kusan 29 zai kwasa a dare ɗaya. Layi uku na lissafi a Google Sheets sun isa, a waya ma ana iya yi. Da zarar an zuba tsofaffin sakamakon da ke guruf a ciki, nasarori sittin ɗin nan za su saɓe kamar buhun da aka huda, idan har yawancinsu a kan 'yan ƙasa-ƙasa aka same su.

Sai dai kada a ɗora wa Elo abin da ba zai iya ba. Yana aiki ne kawai a wasannin da aka bar gem ya buga da kansa, ko waɗanda mutum biyu suka fafata da gaske, kuma sai an kulle lambobin 'yan wasa tun farkon kaka, an ɗauki hotonsu an tura guruf kowa ya gani. Wasan da aka riga aka tsara wanda zai ci domin labari ya tafi daidai, babu abin da lissafi zai ce a kansa. Kuma ko a inda yake aiki, amfaninsa shi ne ya tace 'yan takara, ya fitar da goma daga cikin arba'in. Ba shi zai zaɓa ba.

Abin da zai zaɓa shi ne abin da ake tunawa. A nan ne resilin ya sha bamban da ƙwallo. Masu kallon resilin da yawa ba za su iya faɗin wanda ya riƙe kambu a watan Yunin 1998 ba, amma sun san daren da Undertaker ya jefo Mick Foley daga saman keji ya faɗo a kan teburin masu sharhi. Foley ne ya faɗi a wasan, kuma wannan faɗuwa tana cikin abin da aka fi tuna shi da shi har ya shiga zauren WWE a 2013. Shi kansa Undertaker ya ci wasa 21 a jere a WrestleMania, amma hoton da ya fi yawo a wayoyi shi ne na fuskokin 'yan kallo a daren 2014 da Brock Lesnar ya katse masa. Kowace duniyar cikin waya tana da nata Foley. A ta bencin Dawanau akwai wani da aka ƙirƙira da siffar ɗan dako, da gammo a ka da riga mai yagaggen hannu, wanda aka yi shi don raha. Shi ake turawa duk lokacin da ake son sabon mugu ya nuna ƙarfi. An jefa shi ta kan igiya, an fasa tebur da bayansa, an yaudare shi sau biyu. Amma daren da ya kayar da mai kambu bisa kuskuren gem, har mai shayin gefe sai da ya bar tukunyarsa ya leƙo, kuma har yau idan wani ya yi abin bajinta a kasuwa da sunan ɗan dakon nan ake zolayarsa. Idan aka buɗe zaure aka bar shi a waje, an maimaita kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gwajin yana da sauƙi. A tambayi kowane mai zaɓe, ba tare da ya buɗe guruf ba, ya ba da labarin dare ɗaya na ɗan takarar: wa ya kara da shi, me ya faru, yaya aka ƙare. Ɗan takarar da mutum biyar suka kasa tuna masa dare ɗaya, ko kambu goma ya riƙe, bai isa ba tukuna.

Gidan dambe yana da ma'auni na biyu da ya cancanci aro, kuma yana cikin sunayen 'yan wasan ne. Wanda yake bin rahoton damben gidan Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, ko na Kano, ya saba jin Shagon Ɗan Digiri, Autan Sikido, Bahagon Sanin Kurna, Garkuwan Cindo, Ali Ƙanin Bello. Rabin kowane suna na wani ne daban, ubangida ko yaya ko wanda aka taso a hannunsa. Ko ɗan dambe ya ajiye zare, sunansa yana ci gaba da shiga fili a bakin mai sanarwa duk lokacin da yaronsa ya fito, a ɓangaren Kudu ne, ko Arewa, ko Guramada. Wannan zauren gwaraza ne mai tafiya da ƙafarsa, babu kwamiti, babu biki. Tambayar da take fitowa daga nan ita ce: wa ya ɗaga? Ɗan wasan da ya yi gaba da sabon shiga har sabon ya zama abin kallo, ya yi wa duniyar aiki fiye da wanda ya tattake kowa ya bar fili babu wanda ake tsoro sai shi.

Yanzu maganar Shago da Undertaker, wadda ita ce ta fi zafi a bencin. Masu cewa a sa Shago suna da hujja mai kyau: me zai sa samarin Kano su gina zaure su cika shi da Amurkawa? Hujjar tana da nauyi, amma hanyar da suka bi ba ta yi ba. Shagon da ke cikin wayar wani ne ya zana shi da ka, ya ba shi lambobin da ya ga dama, gem ɗin kuma ya sa shi yana hawa igiya yana dukan mutane da kujera, abin da ɗan dambe bai taɓa yi ba. A kakar da ta wuce ma an ce ɗan wasan mai waya ya kayar da shi sau biyu. To idan aka sa shi a takara ya faɗi zaɓe fa? Yaro ɗan shekara goma sha biyu da yake leƙe ta bayan kafaɗar yayyensa, wanda wataƙila a nan ya fara jin sunan, zai tashi da sanin cewa Shago wani ne da ya kasa shiga zaure. Mutumin da ya yi suna da jininsa a fili na gaske ba ya bukatar ƙuri'ar benci, kuma bai kamata a auna shi da abin da hotonsa ya yi a gem ba.

Mafita ita ce a raba zauren gida biyu. Ɗaki na farko na 'yan wasan da aka ƙirƙira ne, su ake zaɓe a kansu. Ɗaki na biyu na mutanen gaske ne, kuma ba a shiga da sakamakon gem; duk shekara a ɗauki mutum ɗaya, wanda ya kawo sunansa ya nemo abin da aka sani a kansa ya rubuta wa guruf. Nan ne wurin Shago, nan ne wurin Undertaker. Nan ne wurin Kantu na Maraɗi, wanda ya fara ɗaukar takobin kokawar Nijar a gasar farko da aka yi a Tawa a 1975, da Issaka Issaka na Dosso da ya ɗauke shi har sau shida. Wanda yake son ɗan ƙasa a resilin ɗin Turawa ma yana da zaɓi, daga Power Uti na zamanin iyaye zuwa Omos da Oba Femi, da Apollo Crews wanda ya ci kambu a WrestleMania ta 2021. Mai wannan aiki zai gano wani abu da wuri: sunayen zakarun takobin Nijar a jere suke shekara bayan shekara, domin gasa ce ta ƙasa da jihohi takwas suke turo 'yan kokawa goma-goma, amma tarihin damben wannan ɓangaren yawancinsa a waƙa yake da bakin dattawa. Tsohon mahaucin da ya ga dambe a kakar shekara arba'in da ta wuce yana nan a kasuwar, kuma kowace waya a bencin tana da manhajar naɗar murya.

Sai yadda za a kaɗa ƙuri'ar. Abin da hannu zai fara kaiwa shi ne zaɓen cikin WhatsApp, wanda aka ƙara wa manhajar a 2022, kuma shi ne mafi muni ga wannan aiki, domin kowa yana iya dannawa ya ga wanda kowa ya zaɓa. Yaron shagon da ubangidansa yake cikin guruf, ko wanda yake cin bashin caji, ba zai iya ƙin ɗan wasan mai waya a bainar jama'a ba. Zai ce "Yaya, ai naka ne," ya danna, ransa bai so ba. Telegram yana da zaɓen da ba ya nuna suna, amma sai kowa ya sauke wata manhajar, kuma mai layi biyu zai iya zaɓe sau biyu. Google Forms yana iya taƙaita amsa ɗaya ga kowane asusu, sai dai buɗe asusu na biyu ba ya cin minti biyar. Ga mutum goma sha biyar da suke ganin juna kullum, fasahar da ta fi duka ita ce a yaga takarda, kowa ya rubuta suna uku, a zuba a hula, mai shayi ya ƙirga a gaban kowa tunda ba shi da ɗan wasa a ciki. Kashi 60 na goma sha biyar shi ne tara. Wanda ya samu tara ya shiga, wanda bai samu ba ya jira baɗi, kuma babu wanda zai rubuta sunan ɗan wasan da shi ya ƙirƙira.

Za a ce idan aka yi haka wataƙila mutum ɗaya ne zai tsallake, ko biyu, alhali uku aka yi alkawari. To sai me? Kujerar da ta zauna babu kowa ita take ba sauran daraja. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma duniyar da take da 'yan wasa arba'in, idan tana sa uku duk shekara dole, cikin shekara biyar fiye da kashi ɗaya cikin uku sun zama gwaraza. Haka nan kada a sa wanda yake kan ganiyarsa. A ajiye ɗan wasa kaka guda cur ba ya fitowa, sannan a ga ko ana kewarsa. Wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya kashe rabin rigimar bencin, domin mai waya sai ya zaɓa: ko ɗan wasansa ya ci gaba da riƙe kambu, ko ya sauka ya shiga layin jira kamar kowa.

A yi wa mai wayar adalci kuma. Batirinsa ne yake mutuwa, memorinsa ne ya cika har ya goge hotunan bikin ƙanwarsa, shi ne ake kira ƙarfe goma sha ɗaya na dare a ce yaushe za a fara. Wannan hidima ta cancanci a ambace ta, kuma wurinta shi ne saman takardar zauren, a rubuta sunansa a matsayin wanda ya kafa duniyar, yadda ake kiran gidan dambe da sunan mai gidan. Abin da bai cancanta ba shi ne a biya shi ladan caji da kujerar gwarzo.

Takardar kuwa dole ta zauna a wajen wayar. Duk wanda ya taɓa kai waya a yi mata filashin, ko aka zare masa ita a cunkoson ranar da kaya suka sauka, ya san yadda shekara biyu take ɓacewa cikin daƙiƙa. Waɗanda suke amfani da kwafin gem da aka yi wa kwaskwarima, irin wanda ake turawa ta Xender, sun fi kowa shiga haɗari, domin sabon kwafi yakan ƙi hawa kan tsoho sai an goge, kuma gogewar takan tafi da duk abin da aka adana, ban da cewa babu wanda ya san abin da aka cusa a cikin fayil ɗin. Daga Android 11 zuwa sama ma shiga jakar da manhajoji suke ajiye bayanansu ya ƙara wuya. Masu PPSSPP sun fi samun sauƙi, domin jakar SAVEDATA tana nan a cikin jakar PSP, ana iya kwafe ta a jefa a Google Drive, wanda yake ba kowane asusu gigabait 15 kyauta. Amma ko an rasa gem ɗin gaba ɗaya, ana iya sake zana ɗan dako da gammonsa cikin rabin awa. Abin da ba ya dawowa shi ne wa ya kayar da wa a wane dare. Saboda haka sakamako da sunayen zaure su zauna a shafin da aƙalla mutum uku suke iya buɗewa, a kuma sayi littafi mai bango mai kauri a ajiye a wurin mai caji, kowane gwarzo da shafinsa: wanda ya ƙirƙire shi, manyan da ya kashe, waɗanda ya ɗaga, da labarin darensa guda ɗaya da hannun wanda ya fi iya ba da shi.

Idan aka bi wannan a bencin Dawanau a bana, sakamakon ba shi da wuyar hasashe. Shago zai buɗe ɗakin mutanen gaske ba tare da ƙuri'a ba, Undertaker ya biyo shi baɗi. Ɗan dako zai samu tara ɗinsa har da ƙari. Akwai wani mugu mai baƙin rawani da aka ajiye tun bara bayan ya ci amanar abokinsa, wanda har yanzu ake roƙon a dawo da shi. Shi ma da alama zai tsallake. Kujera ta uku za ta jira, ɗan wasan mai waya kuma yana da kambun da zai kare ranar Alhamis, da lambobin da kowa ya ga hotonsu.